Faifan da Turare Ya Cinye

Kai mai farar hula, sauke hannunka daga kan ƙahon nan, ba lasifikar masallaci ba ce. Tun da kuka shigo shagon nan nake jin ku, wai "Baba Haruna ya huta, aikinsa wana akwati kawai yana shan esi." To madalla. Ku da kuka zo Riyad karatun jami'a, ga ɗaki, ga littafi, ga abincin da ba ku kuka dafa ba, ku ne masu hango hutun wani. Ku zauna shayin ya huce, in gaya muku yadda wana akwatin nan ya kusa mayar da ni Kano da jaka ɗaya.

Abin da kuke kallo garmaho ne, amma ba irin na kakanninku mai shimfiɗaɗɗen faifai ba. Wannan ya girme shi. Faifansa kamar gwangwanin madara yake da aka fasa sama da ƙasa, kuma na kaki ne. Ana zura shi a jikin sandar ƙarfen nan, tana juyawa, wani ɗan dutse mai santsi da bai kai ƙwayar gero ba yana bin layukan da murya ta sassaƙa a jikin kakin, ƙaho ya fito da sautin. Babu lantarki, babu batir. Idan ya yi magana, to ƙarfe da fata da roba ne suka yarda da juna, kuma ba kullum suke yarda ba.

Ni da igamar direban gida, wato katin izinin zama, na shigo ƙasar nan. A Kano gyaran agogo nake yi, da ɗan teburina mai gilashi a bakin kasuwa, har agogon batir ya zo ya kashe mana sana'a. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, Abu Sulaiman, dattijo ne ɗan kasuwa, gidansu na nan Murabba tun ana ginin laka. Ba mai yawan fita ba ne, mota sai ta kwana uku ba a tayar da ita ba. Wata rana ya aike ni da agogon bangonsa wajen wani tsoho, asalinsa mutumin Bukhara, ana ce masa Usta Abdurrahim, shi ne mai wannan shagon da kuke zaune. Na tsaya ina kallonsa yana neman ciwon agogon inda babu shi, bakina ya ƙi yin shiru, na nuna masa da yatsa na ce da guntun Larabcina, "Ba nan ba, nan." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau kamar akuya ce ta yi magana. Washegari ya je ya roƙi Abu Sulaiman ya riƙa ba shi aron ni da rana.

Aikin farko da ya ba ni a kan garmaho wanke sifirin ne. Sifirin ɗin yana naɗe a cikin wani ƙoƙon ƙarfe a ƙasan akwati, shi ne ƙarfin na'urar gaba ɗaya, in ka warware shi ya fi faɗin shagon nan. Giris ɗin shekara ɗari yakan daskare a jikinsa ya zama kamar kwalta, shi ya sa za ka ji garmaho yana cikin waƙa sai ya yi "gum!" ya zabura. Dole a fito da shi, a jiƙa a kananzir, a goge, a sa sabon giris, a mayar. Usta ya miƙo mini safar hannu ta fata da buhu, ya ce a cikin buhu ake zare shi. Na ce a raina, ni da na shekara ashirin ina wasa da sifirin ɗin agogo, wannan tsohon zai koya mini? Na ajiye buhun gefe. Ga tabon nan, ku duba, daga gindin babban yatsa har wuyan hannu. Usta bai ce mini sannu ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko jinin ya taɓa katakon.

Wata shida ban taɓa faifai ba, sai kallo. Da ya yarda in taɓa, yatsa biyu ya ce, a zura ta ciki a buɗe su, bayan faifan kuwa haramun ne ga fatar ɗan Adam. Ba a barin sa a kan sanda bayan an gama ji, don kaki yana tsukewa in ya ji sanyi, ƙarfen kuma ba ya ba shi wuri, sai ya tsage. Ba a buɗe wanda ya fito daga mota sai ya kwana a shago. Wannan ta ƙarshen na ɗauka tsufa ne ke sa shi faɗa. Ranar da wani ya kawo guda uku da azahar a tsakiyar zafi, Usta yana masallaci, na ce bari in nuna masa na iya. Na zare ɗaya daga kwalinsa a ƙarƙashin esi, ban ma kai shi kan na'ura ba na ji "ƙas" a tsakanin yatsuna. Abin da ya tsallake teku ya yi shekara ɗari lafiya, ni Haruna na kashe shi a minti ɗaya. Usta ya dawo ya duba, ya ɗauki ɓarin biyu ya jera a kan kantar da ke saitin idona, suka zauna a nan shekara huɗu.

Sai gwamna. Kada ku yi dariya, sunansa ke nan. Wasu ƙwallayen ƙarfe ne guda uku da ke juyawa a ciki suna hana sifirin sakin ƙarfinsa lokaci guda. Ka ɗan sassauta notinsa, babban mutum ya koma yana magana kamar ɗan yaye. Ka ɗan matse, yarinya ta zama sarkin fawa. Faifan kamfani da sauƙi, gudunsa sananne ne. Amma wanda mutum ya ɗauka a gidansa, don waɗannan na'urorin suna ɗaukar murya in an canja musu kai, babu wanda ya rubuta maka gudun da aka ɗauke shi. Usta ya ce kada in taɓa saita gudu da waƙa, waƙa tana yarda da ƙarya. In jira mutumin ya yi tari ko dariya. Tari in ya yi sauri ko ya yi nauyi, ko yaro ya san ba na mutum ba ne.

Masu kawo mana aiki kuwa, sai dai a yi shiru. Yawancinsu a haraj suke saye, kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, don a ajiye a majalisa kusa da tsohuwar butar gahawa baƙi su gani. Wani zai ce a goge masa ya yi ƙyalli kamar sabo, in ka goge ya ce ka cire masa tsufan da ya saya. Wani ya tura na'urarsa da man girki. Akwai wani bawan Allah da ya sa na yi wata guda ina gyara masa, komai ya zauna daidai, ranar karɓa na kai hannu zan wana ya riƙe ni, ya ce a'uzu billahi, shi ba ya jin kiɗa. Na ce to me ya sa aka gyara? Ya ce ai ba ya son a ce yana ajiye da mataccen abu a gidansa.

Haka muka tafi har shekarar da aka tsananta binciken igama. Wasunku suna firamare lokacin. Doka ta fito cewa kowa ya yi aikin da ke rubuce a katinsa, a wajen kafilinsa, aka kuma ba da wa'adi kowa ya gyara takardunsa ko ya kama hanya. Rabin shagunan layin nan suka sauke ƙofa. Mutanenmu da na sani shekara da shekaru suka watse, wasu ko sallama ba mu yi ba. A cikin wannan ne idon Usta ya gama tafiya, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Ɗa'if. Ya bar mini makulli da kayan aiki, hantsaki da magagari da madubin ido ɗaya, amma me zan yi da su? Katina cewa yake direba. In aka same ni a bakin benci da sukudireba a hannu, tarhil ne, wato kora, daga nan sai filin jirgi.

A gida kuma Sulaiman, babban ɗan mai gidan, ya riga ya kawo wani direba mai jini a jika. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son abu ya tafi a kan layi. Ya ce wa babansa direba biyu a gida ɗaya ɓarna ce, a yi mini huruj, takardar barin ƙasa, in koma gida da mutuncina. Ina da 'ya'ya biyar a makaranta a Kano, shekaruna sun haura hamsin, kuma a Kano babu mai garmaho ko ɗaya da ke jirana. Gaskiya na ji tsoro, tsoron da ban ji ba ko ranar sifirin.

Abu Sulaiman ya kira ni majalisarsa bayan la'asar. Ya ce, "Ya Harun, shekara nawa kana bin wannan Bukharin?"

Na ce, "Takwas, ɗal umrak." Wato ranka ya daɗe.

Ya ce, "To mu gani ko ka koyo wani abu."

Ya sa aka sauko da wata na'ura daga saman kabad, da wani ƙunshi a koren kilishin ƙyalle mai laushi. Kafin ya taɓa ƙunshin sai da ya tambaye ni ko ina da alwala. Ya ce kakansa Abdul'aziz fatauci yake yi zuwa Bombai, can ya sayi na'urar, can ya ɗauki muryarsa yana karatun Alƙur'ani. Mutum ne, in ji shi, da bai taɓa sauraren kiɗa ba har ya koma ga Allah, na'urar ma don karatu kawai ya saye ta. Tun Abu Sulaiman bai zo duniya ba sifirinta ya tsinke, babu wani mai rai da ya taɓa jin muryar.

Ya ce, "Babbar Sallah dangi duka za su taru a nan. In kakana ya yi karatu a gabansu, zan mayar da kai ƙarƙashin kamfaninmu a matsayin mai gyara, in karɓi shagon da sunana. In bai yi ba, to Sulaiman ya fi ni gaskiya, shekara takwas ka yi kana shan shayi."

Sati biyar ya rage. Na kwashe kayan aiki na kai ɗakin direba a bayan gida, tunda nan doka ta ce in zauna. Na'urar ba ta ba ni wahalar da na zata ba. Sifirin ya tsinke ne kusa da baki, na gasa bakin a wuta ya yi laushi, na huda sabon rami na maƙala. Bel ɗin fata ya zama gari, na yanka wani daga tsohon takalmin Usta na kankare shi ya yi siriri. Zoben robar da ke riƙe da ɗan gilashin kunnen na'urar ya bushe ƙamas, na canja. Dogon notin da ke tafiyar da kan na'urar a hankali, shi na fi jin tsoro, zarensa ƙanana ne kamar gashi, na bi shi da tsinken sakace da man keken ɗinki kwana biyu. Cikin kwana goma tana juyawa shiru, sai ɗan huci.

Sannan na yi alwala na kwance koren ƙyallen. Ƙamshi ne ya fara dukana, udu mai tsada, irin wanda ni ko a kwalba ban taɓa riƙewa ba. Na zura yatsa biyu na ɗaga faifan wajen taga, na sa madubi a ido. Sumul yake kamar sabulun da aka yi wata ana wanka da shi. Inda ya kamata in ga layuka a jere, sai ƙyalli.

Na tambayi tsohuwar mai aikin gidan, ta ba ni labari da alfahari. Kowace Juma'a ana tura masa turaren wuta. Kowace Sallah mai gida da kansa yake shafa masa man udu, ya goge da gefen rawaninsa, ya sumbata, ya miƙa wa 'ya'ya su ma su sumbata. Haka babansa ya yi, haka ya taras. Kuma a saman kabad ake ajiye shi, don ba a ɗora komai a kan maganar Allah, wato daidai inda zafin ɗaki ke taruwa. Babu wanda ya yi ganganci. Shekara kusan ɗari suna girmama shi, da hannu mai tsarki, har suka goge kakansu tas.

Kun ce aikin da sauƙi, to ga sauƙin. Wani abokina mai gyaran waya ya ce in kawo ƙahon ya liƙa mini 'yar ƙaramar sifika a ciki, mu sa karatun wani tsohon alaramma, wa zai sani? Na kore shi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na yi nawa tunanin, kuma nawa ya fi nasa muni don na masu sana'a ne. Akwai kan ɗaukar murya a cikin kayan Usta, akwai faifan kaki da ba a taɓa amfani da shi ba, launinsu ɗaya da na kakan. Ta cikin ƙaho ai kowa muryarsa ɗaya ce. Na rufe ƙofa, na sa baki a ƙaho, na karanta Tabaraka da iyakar Larabcin da Allah ya ba ni. Na canja kai na saurara. Wallahi Bakano ne ya faɗa rijiya yana biya allonsa. Karin makarantar allonmu ta Malam Ɗanjuma ne sak, har da inda muke jan numfashi don tsoron bulala. Na yi dariya har hawaye, daga nan kunya ta rufe ni, na yi istigfari, na kankare faifan.

Duk da haka sai na gwada na'urar da faifai na gaske, kuma ba zan gwada da nasu mai daraja ba. Na je na tambayi Abu Sulaiman ko akwai wani marar amfani. Ya yamutsa fuska ya ce akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin matakala, tarkacen waƙe-waƙe ne da suka zo tare da na'urar, ɗan kasuwar Bombai ne ya cusa wa kakansa. Babansa ya kulle ta ya hana kowa taɓawa, sau biyu ya yi niyyar ƙonawa bai samu sukuni ba.

Ya ce, "Ɗauki, in ka ga dama ka farfasa."

Na jawo akwatin daga bayan tsofaffin tabarmi. Wuri ne mai duhu, mai sanyi, a ƙasa, babu laima. In da Usta ne aka ce ya zaɓi wurin ajiya a duk gidan, nan zai zaɓa. Faifai ashirin da wani abu, kowanne a kwalinsa da audugarsa, layukansu raɗau kamar jiya aka yanka. Tsana ce ta tsare su, babu wanda ya so su balle ya shafa su.

Yawancinsu baƙaƙe ne na kamfani, kiɗan Indiya da na sojan Turawa. Ɗaya ne ruwan ƙasa, babu rubutu a kwalinsa. Na ɗora shi na saki birki. Wani ya yi gyaran murya, na ɗan juya notin gwamna har gyaran muryar ya zama na mutum, sai na ji an ce da Larabcin Najdu, "Ni ne Abdul'aziz ɗan Hamad, a Bombai." Sai tafi ya tashi, mutum uku ko huɗu. Sai ya kama waƙa. Ba gwani ba ne, muryar tana karkarwa a sama, amma da zuciya ɗaya yake yi, waƙar mutumin da ya daɗe bai ga garinsu ba. A tsakiya ya manta baiti, ya fashe da dariya, abokan suka taya shi. Na ɗaga kan na'urar da sauri, don kakin ruwan ƙasa laushi gare shi, kowane ji yana cin wani abu daga jikinsa.

Na zauna a bakin katifa na rasa abin da ke mini daɗi. Labari biyu ne a hannuna, kowanne ya isa ya sa a buga mini huruj. Na farko, kai da ubanka kun goge karatun kakanka da hannunku. Na biyu, waliyyin gidanku da bai taɓa jin kiɗa ba ga shi yana rera waƙa ana masa tafi. Kwana uku ina juya abin. A na huɗu na ce in dai tafiyar ce, gara in tafi a matsayin mai gyara da in zauna a matsayin maƙaryaci, na je na roƙe shi ya zo ɗakina shi kaɗai.

Bai taɓa shiga ɗakin direba ba, sai da ya sunkuya a ƙofa. Na ba shi kujera ɗaya da nake da ita. Na sa masa madubi a ido, na nuna masa baƙin faifai mai layuka, sannan na nuna masa nasa. Na ɗora nasa na saki. "Shhhh," sai ɗan "dum, dum" inda kakin ya karkace, can ƙasa kuma wani abu kamar ana magana a gida na uku. Minti biyu haka, ya ƙare.

Ya ce, "Na'urar ce ba ta gyaru ba."

Na ce, "Ta gyaru, ɗal umrak."

"To wa ya yi wannan?"

Na ce, "Turare ne, da rawani."

Ya dubi tafin hannunsa ya daɗe. Ya ce, "Shekara arba'in ni nake shafa masa." Ya yunƙura zai tashi, na san in ya fita ƙofar nan tawa ta ƙare. Na ce, "Akwai saura, amma ka yi mini alkawarin ba za ka fasa shi ba." Na ɗora ruwan ƙasan.

Da sunan ya fito, sai da ya dafe bango. Da tafi ya tashi, fuskarsa ta ɗaure, na ce shi ke nan, Haruna, ɗaure jakarka. Waƙar ta yi nisa kaɗan sai na ga leɓensa yana motsi. Yana bin ta. Ba kalmomin ba, karin, a hanci. Inda kakan ya manta baiti ya yi dariya, shi bai tsaya ba, ya ci gaba da karin shi kaɗai har inda ya kamata ya sauka.

Ya ce, "Babana yana yin wannan in yana gyara fitila. Na tambaye shi ina yaro, ya ce mini tasbihi ne." Hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Ya ce, "Ashe ya buɗe akwatin. Sake sawa."

Na ce, "Ɗal umrak, kowane ji yana rage shi. Bari in ɗauka maka a waya, ka ji sau dubu."

Ya ce, "Waya ba ta taɓa ganinsa ba. Wannan numfashinsa ne ya yanka shi. Sake sawa."

Ranar Sallah majalisa ta cika, maza har bakin ƙofa, mata a bayan labule. Ni na zata ruwan ƙasan zai ce in sa, ko ya ce na'urar ta ƙi. Sai ya kwance koren ƙyalle da hannunsa ya miƙo mini, ya dube ni ido cikin ido. Na wana, na ɗora, na saki. "Shhhh, dum, shhhh." Can wani tsoho ya ce "Allahu Akbar" ya fashe da kuka. Daga bayan labule aka ɗauka. Wani ya ce ya ji Bismilla raɗau, wani ya ce Yasin ce, ɗan'uwansa ya ce a'a, Arrahman ce, har suka fara musu. Sulaiman, wanda ya so a sallame ni, ya matso idonsa jajur ya ce, "Ya Harun, kai da ka fi kusa da ƙahon, wace sura ce?" Na ce masa ni Larabcina na kasuwa ne. Kafin wa'adi ya cika katina ya fito, an goge direba an rubuta mai gyara.

Kun ga sana'a. Sifirin da na ɗinke, bel da na yanka, gwamna da na saita da gyaran muryar mamaci, babu wanda ya yaba ko ɗaya. Abin da ya zaunar da ni a Riyad shi ne minti biyu na huci, kuma kowace Babbar Sallah sai na je na sake sa shi, kowace shekara kuma surar tana ƙara fitowa a kunnensu.

Ruwan ƙasan kuwa a nan shagon ya zauna, a ƙasan kantar can. Duk bayan wata biyu ko uku Abu Sulaiman zai zo da hantsi, ya sallami direba, ya ce in sauke ƙofa rabi. Kullum sai na gaya masa yana ragewa, kullum sai ya ce in wana. Tafin ne ya fara tafiya, sannan sunan. Shekara biyar muna haka. Zuwansa na ƙarshe dariyar kawai ta rage, sauran shi yake cikawa a hanci. Ranar ya ce in naɗe masa shi zai tafi da shi gida, kuma bai sake zuwa ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki Sulaiman ya shigo nan, ya tsaya daidai inda mai farar hula yake tsaye. Yanzu shi ne kafilina, igamata a hannunsa take. Ya ajiye kwali a kan benci, an naɗe shi a sabon koren ƙyalle, tun daga ƙofa na jiyo udu. Ya ce a ƙarƙashin matashin babansa aka same shi.

Ya ce, "Ashe biyu ne ba mu sani ba. Ka taɓa sa masa wannan?"

Na ce, "Sau da yawa."

"Me ke ciki?"

Na ce, "Kakanku ne, ɗal umrak. Mahaifinka bai taɓa jin sa bai yi kuka ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga ƙunshin ya sumbata. Na ce masa in yana son ya daɗe, kada a shafa masa komai, a sa shi a ƙasa, wuri mai duhu, a manta da shi. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙon da bai san ya kamata ba, ya ce, "A ƙasa, ya Harun? Haba."

Yana can saman kabad kusa da ɗan'uwansa, ana tura masa turare duk Juma'a. Ku miƙo kofunan, kuma wanda ya sake taɓa mini ƙaho shi zai wanke sifirin na gaba, ba buhu.